Ni da ɗana mun ba likita amsa daban: ta wa za a ɗauka?

Tambaya: Ɗana mai shekara 8 yana fama da fuka. A asibiti an ba ni takardar tambayoyi na cike, shi ma aka tambaye shi. Ni na ce ya samu sauƙi, shi kuma ya ce ba ya iya buga ƙwallo. Ta wa likita zai ɗauka?

Amsa: Ta ku duka biyun, Malama, domin kowa da abin da idonsa ke kaiwa. Ke kika san dare nawa tari ya tashe shi, shi kuwa da safe ya manta. Amma abin da ƙirjinsa ke yi a filin makaranta, da kunyar fito da maganin shaƙa gaban abokai, shi kaɗai ya sani.

Gwajin C-ACT, wata takardar tambayoyi da ke auna yadda fuka ta lafa a jikin yara masu shekara 4 zuwa 11, a kan haka aka gina shi. Tambaya bakwai ce: yaro ya amsa huɗu ta hanyar nuna hoton fuska, iyaye su amsa uku game da mako huɗun da suka wuce, wato kwana nawa ciwon ya motsa da rana, kwana nawa numfashinsa ya yi ƙara kamar usur, da dare nawa ya farka. Maki mafi yawa 27 ne. Idan ya tsaya a 19 ko ƙasa, ciwon bai lafa yadda ake so ba. Akwai kuma PAQLQ, gwajin da ke auna yadda fuka ke shafar rayuwar yaro ta yau da kullum, wanda Elizabeth Juniper da abokan aikinta suka fitar a Kanada a 1996, mai tambaya 23, na 'yan shekara 7 zuwa 17. Wannan yaro ne ke amsawa da kansa.

Inda iyaye suka fi yin kuskure shi ne yaron da ya daina gudu. Tunda ba ya gudu ba ya tari, sai uwa ta ɗauka ya warke, alhali ya dai koyi kauce wa abin da ke tayar masa da ciwon. Ina zaton naki ɗan haka yake. Wata uwar kuma fargabarta take rubutawa, sai makin ya fi halin yaron muni.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubutawa kullum har mako huɗu: tashin dare, sau nawa ya shaƙi maganin gaggawa, ranar da ya fasa makaranta, da abin da ya shaƙa a ranar, ƙurar hunturu ce, hayaƙin icce ko turaren wuta. In ana tambayarsa kuma, kada ki amsa masa ko ki gyara masa magana, ko da kina ganin ya ƙara gishiri.