Ɗana yana kumbura in ya ci gujiya

Tambaya: Likita, daga unguwar Zariya nake, nan Maradi. Ɗana shekararsa 3. Sau biyu ke nan in ya ci ƙuli-ƙuli sai leɓensa ya kumbura, jiki ya yi rudu-rudu, ya dinga susa. Kakarsa ta ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har ya saba. In bi maganarta?

Amsa: 'Yar'uwa, a gaida mini da Kaka, amma a wannan karon kada a bi shawararta. Abin da kika kwatanta borin jini ne, kuma tunda sau biyu yana biyo bayan abu ɗaya, gujiyar ce abin zargi. Garkuwar jikin yaron ce take ɗaukar furotin ɗin gujiya kamar abokin gaba, sai ta saki wani sinadari, histamin, shi ne mai kawo ƙaiƙayi da kumburi, yawanci cikin 'yan mintuna zuwa awa 2. Matsalar ita ce ba mai iya cewa na gaba zai tsaya a fata kamar na baya. Sabar da jiki da kaɗan-kaɗan akwai shi, amma aikin asibiti ne, da awo, da allura a kusa.

Wahalar a garinmu ita ce gujiya ba ta fitowa da fuskarta kullum. Tana cikin yajin tsire da na kilishi, tana cikin dakuwa, da kunun gyaɗa, da miyar taushe, da kwaɗon zogale. Man da mata ke matsewa a gida ma yana ɗauke da ragowarta. Har Plumpy'Nut da ake ba yara masu tamowa, da gujiya aka yi shi, don haka duk ma'aikacin lafiyar da zai duba yaron ki fara gaya masa. Ki gaya wa maƙwabta da yayyensa su ma, domin yaro ɗan shekara 3 a hannun mutane yake ci.

In aka yi kuskure ya ci, ki duba numfashinsa kafin fatarsa. In ƙuraje ne da susa kawai, yana wasansa, maganin sha irin cetirizine zai kwantar, gwargwadon yadda likita ya rubuta masa. Amma in muryarsa ta dushe, ko ƙirji na shesheƙa, ko harshe ya kumbura, ko yana ta amai, ko jiki ya saki, wannan ba na siro ba ne. Allurar adrenaline a cinya yake buƙata, nan take. A hau kabu-kabu zuwa asibiti mafi kusa, ba sai an jira maigida ya dawo kasuwa ba. Kuma don Allah a bar sayen dexamethasone wurin masu tallan magani a tire. Ba ya ceton numfashi a kan lokaci, yawan shansa kuma illa ne.

Ko zai rabu da borin jinin? Na madara da na ƙwai yara da yawa suna wucewa da girma, na gujiya kuwa kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa. Ki kai shi wurin likitan yara a tabbatar.

In yana da ƙani a goye, kada tsoro ya sa ki hana shi gujiya. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan jarirai a Ingila ya nuna fara ba su da wuri yana rage kamuwa sosai. Daga wata 6, niƙaƙƙiya cikin koko, ba ƙwaya ba, bayan likita ya duba shi, musamman in fatarsa na yawan bushewa da ƙaiƙayi.