Amsa: Adafta kaɗai ta isa idan zan je Amurka da Ingila?

Ɗan'uwa, ka ce za ka bi ta Ingila ka wuce Amurka, kana tambaya ko adafta ɗaya da ekstenshan sun ishe ka cajin waya da kwamfuta. Sun isa, amma da sharaɗi.

Adafta bakin filogi kawai take sauyawa, ba ta taɓa ƙarfin wuta ko kaɗan. A Ingila wutar 230V ce, soket mai ramuka uku masu kusurwa. A Amurka kuwa 120V ce, bakin filoginsu siriri ne, mai faɗi. Saboda haka ka juya cajarka ka duba ƙananan rubutun nan na jikinta. In ka ga 100-240V, hankalinka kwance, ko'ina za ta yi. Yawancin cajojin waya da na kwamfuta haka suke.

Inda ake shiga uku shi ne kayan zafi: dutsen guga, hita, na'urar busar da gashi. Na taɓa ganin wani ya jona ta 120V a wutar 230V, nan take ɗakin ya cika da ƙauri. Don Allah bar su a gida.

Ekstenshan kuma dabara ce mai kyau, adafta ɗaya a bango sai ka jona komai. Sai dai ita ma karanta bayanta. Wadda ka saya a Amurka, musamman mai kariya daga hauhawar ƙarfin wuta, kada ka jona ta a Ingila. Kuma ka nemi adafta mai shiga soket ɗin ƙasashen biyu, mai ƙafa uku, don wayar ƙasa (wato earth, mai kare ka daga jan wuta) ta yi aikinta.