Ku Tambaya Mu Amsa: Yawon Tsofaffin Biranen Turai da Jaka Ɗaya a Baya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne, kuma na daɗe ina tara kuɗi domin in je in ga tsofaffin biranen Turai da idona. Hutun makonni uku gare ni, kuma so nake in yi tafiyar da jakar goyo ɗaya kamar yadda matasan can suke yi. Na rubuta Paris, Roma, Madrid, Kurɗuba, Garnaɗa, Amsterdam da Berlin. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya cika maka wannan buri. Shawarar farko da zan ba ka ita ce ka rage jerin nan da hannunka tun kafin gajiya ta rage maka shi. Birane bakwai a ƙasashe biyar cikin makonni uku na nufin kusan kowace rana ta uku tana tafiya ne a neman tasha, jiran jirgi da neman masauki, kuma wanda ya yi haka yakan dawo da hotuna masu yawa amma ya kasa tuna wane gini ne a wane gari. Tunda ka ambaci Kurɗuba da Garnaɗa, ni a ganina ka mayar da kudancin Sifaniya, wato Andalus, ya zama zuciyar tafiyar, ka ƙara Ishbiliya wadda Turawa ke kira Sevilla, sannan ka zaɓi birni ɗaya tak daga cikin sauran.

Wannan zaɓi zai sauƙaƙa maka har batun biza. Dukkan ƙasashen da ka lissafa suna cikin yankin Schengen, biza ɗaya ta ishe ka shiga su duka, kuma ba ta wuce zaman kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ƙa'idar ita ce ka nema a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun daga tsakiyar 2024, kuma za a nemi inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai aƙalla Yuro 30,000. Ingila ba ta cikin wannan yanki, bizarta daban ce.

Daga Madrid jirgin ƙasa mai gudu, wanda aka buɗe layinsa zuwa Ishbiliya a 1992, zai kai ka Kurɗuba cikin abin da bai kai sa'o'i biyu ba. Babban masallacin Kurɗuba kuwa, Sarki Abdurrahman na Ɗaya ne ya aza tubalinsa a wajen shekarar 785, sarakunan da suka biyo bayansa suka yi ta faɗaɗa shi, har yau ginshiƙai sama da 800 suna tsaye a cikinsa ƙarƙashin bakan gini masu ratsin ja da fari. Ya kamata ka sani tun daga gida cewa an mayar da shi majami'a bayan da Sarki Fernando na Uku ya ci garin a 1236, a ƙarni na 16 kuma aka gina babban zauren ibadar Kirista a tsakiyarsa, don haka ba a barin Musulmi su yi salla a ciki. Mutane da yawa sukan ji nauyin wannan a zuciya, to gara ka shiga da saninsa. Ka je da sassafe kafin ayarin masu yawon buɗe ido su iso, ka tsaya gaban mihirabin da Halifa Hakam na Biyu ya ƙawata da ƙananan duwatsun gilashi masu ruwan zinari, ka karanta ayoyin da ke kewaye da shi a hankali. Ga ɗan ƙasar Hausa wannan gari ba baƙo ba ne, domin a nan aka haifi Ibn Rushd a 1126, daga nan Imam Ƙurɗubi mai tafsiri ya samo sunansa, kuma Alfazazi mai Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu lokacin Mauludi shi ma haifaffen nan ne.

A Garnaɗa, fadar Alhambra ce abin da ke kai kowa, kuma a nan ne masu tafiya babu shiri suke yin asara. Tikitin shiga ɓangaren fadojin Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a Andalus, yana ɗauke da sunanka da sa'ar da za ka shiga, yakan ƙare makonni kafin ranar, musamman a bazararsu, kuma za a nemi fasfonka a ƙofa. Ka saye shi ta intanet da zarar bizarka ta fito, sannan ka tsara sauran kwanakin a kewaye da shi. A bangwayen fadar za ka ga “Wa la galiba illallah” an sassaƙa ta sau ba adadi, taken wannan gidan sarauta da ya miƙa garin ga sarakunan Kirista a ranar 2 ga Janairun 1492. Da yamma ka hau unguwar Albaicín da ke fuskantar fadar, inda aka buɗe sabon masallacin Juma'a a 2003, ka yi sallar Magariba a can, domin daga lambun masallacin ana hango Alhambra da duwatsun Sierra Nevada a bayanta. Daga wannan gari ne mawaƙi Abu Ishaƙ Assahili ya fito, wanda ya haɗu da Mansa Musa a aikin Hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tumbuktu.

Ishbiliya kwana biyu sun ishe ta idan lokaci ya ƙure. Hasumiyar Giralda, wadda sarakunan Musulmi na daular Muwahhiduna suka kammala a matsayin hasumiyar masallaci a 1198, ana hawanta ne ta gangara mai lanƙwasa maimakon matakala, ga kuma fadar Alcázar kusa da ita.

Game da jaka, duk abin da ba za ka iya goyawa ka yi tafiyar rabin sa'a a kan titin duwatsu mai hawa ba, ka bar shi a Zariya. Kaya kala uku ko huɗu, takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi, da siririyar dardumar salla sun wadatar. Gidajen kwanan matafiya masu arha sukan haɗa mutum shida ko takwas a ɗaki ɗaya a kan gadaje masu hawa biyu, don haka ka riƙe ɗan kwaɗo na kulle akwatin ajiya, fasfo da kuɗi kuma su kasance a jikinka saboda 'yan sane a tashoshi. Ka guji Yuli da Agusta idan hutunka ya ba ka dama, domin zafin Kurɗuba da Ishbiliya yakan haura digiri 40 a lokacin.

Tambaya: Malam, ni da maigidana za mu je Sifaniya, kuma damuwata ita ce abinci. An ce mini babu abin da ba sa sa wa naman alade. Yaya za mu yi? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, wanda ya gaya miki haka ya ɗan yi ƙari, amma bai yi nisa da gaskiya ba. Za ki ga cinyoyin alade busassu rataye a saman kanta a gidajen abinci da yawa, kuma haɗarin ya fi yawa a abincin da ba ya kama da na nama. Miyar tumatir mai sanyi ta Kurɗuba, salmorejo, yawanci da gutsattsarin naman alade ake barbaɗa ta, ana dafa wake da tsiran alade, wasu kayan fulawa kuma da kitsensa ake kwaɓa su. Farfesun jelar sa da Kurɗuba ta yi suna da shi da giyar inabi ake dafa shi. Saboda haka ki haddace kalmomi kaɗan na yarensu: sin cerdo, babu alade, sin jamón, babu wancan busasshen naman, sin alcohol, babu giya. Ki faɗi na biyun a fili ko da kin faɗi na farko, domin wasu ma'aikatan ba sa ɗaukar ɗan barbaɗen a matsayin nama.

Abin da ya rage muku mai yawa ne kuma mai daɗi. Akwai wainar ƙwai da dankalin Turawa, soyayyen kifi wanda Andalus ta ƙware a kansa, da soyayyen gauta irin nasu da ake zuba wa zuma. A Garnaɗa, layin Calderería Nueva cike yake da gidajen shayi da abincin 'yan Maroko, kuma a manyan garuruwa akwai mahautan da suka rubuta halal a ƙofa. Idan masaukinku yana da kicin, cefane a kasuwa ku dafa da kanku zai rage muku kuɗi ƙwarai. Ki kuma lura da lokaci: abincin rana wajen ƙarfe 2 ake fara shi, na dare kuwa sai 9, kuma a ranakun aiki abincin rana mai farashi ɗaya da suke kira menú del día shi ne ya fi arha.

Tambaya: Ina da aboki da ke karatu a Jamus, tare muka tashi. Ina so in sauka a wurinsa na mako biyu, amma ina jin nauyin tambayarsa, na fi son in kira shi idan na iso. Ko hakan ya dace? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi haka, ka kira shi tun yanzu. A gida baƙo yakan yi sallama kawai a shimfiɗa masa tabarma, amma ɗalibi a Jamus sau da yawa ɗaki ɗaya ƙarami gare shi, kicin da banɗaki kuma na haɗaka ne da mutanen da ba su san ka ba, yana kuma haɗa karatu da aiki na sa'o'i ƙididdigaggu. Kunya ba za ta bar shi ya ce maka a'a ba idan ka riga ka iso, sai dai ya shiga takura yana murmushi. Ka tambaye shi ranakun da suka yi masa, ka nemi kwana uku, idan shi ya ce ka ƙara sai ka ƙara.

Akwai kuma batun takarda. Idan za ka rubuta a neman biza cewa a wurinsa za ka zauna, za a so ganin gayyata daga gare shi, kuma takardar ɗaukar nauyi ta hukuma a Jamus alkawari ne na doka cewa zai biya duk abin da zamanka ya jawo, abin da ɗalibi ba lallai ya iya ba. A Faransa ma mai masauki sai ya je ofishin magajin gari ya karɓo takardar shaidar saukar baƙo. Idan ka ga zai yi masa nauyi, ka kama masaukinka kusa da shi, ku riƙa haɗuwa bayan ya tashi daga aiki.

Tsaraba kuwa, na san kilishi ne zai fara zuwa maka a rai, to ka sani Tarayyar Turai ta hana matafiya shiga da nama da kayan madara daga waje, za a ƙwace shi a filin jirgi, ana iya cin ka tara. Hula, turare ko yadin shadda ba su da wannan matsala. Idan ka sauka, ka yi cefane ko da sau ɗaya ne, ka wanke kwanon da ka ci, ka kuma rage murya bayan ƙarfe 10 na dare saboda maƙwabta. Kantuna a Jamus a rufe suke ranar Lahadi, don haka ku yi sayayyarku tun ranar Asabar, Lahadin kuma ku bar ta don zagaya gari tare, tunda ita ce ranar da ya fi samun sarari.