Tambaya da Amsa: Iskar radon a ɗakunan kwananmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun tare a sabon gida a Arkilla, Sakkwato, ɗakunan a hawan ƙasa suke, kuma tagogi a rufe suke saboda ƙurar hunturu, da bazara kuma saboda na'urar sanyaya ɗaki. Na ji ana maganar wata iska mai suna radon da ke jawo kansar huhu. Yaya zan gane ko akwai ta? Daga wata uwargida.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Hanci ba zai gaya miki ba, domin radon ba ta da wari, ba ta da launi. Daga sinadarin yuraniyom da ke cikin ƙasa da duwatsu take fitowa, ta biyo tsagar daɓe da gefen bututu ta shigo ɗaki. A fili iska na watsa ta. Sai ɗaki ya zauna a rufe take taruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin manyan masu haddasa kansar huhu bayan taba, kuma idan maigida na shan sigari haɗarin ya ninka sau da yawa.

Sai an auna. Ana ƙirga ta da ma'aunin da ake kira bekerel, a kowace mita kubik ta iska. Hukumar ta ba da shawarar a tsaya ƙasa da 100, kada kuma a wuce 300. Na'urar awon iri biyu ce: ƙaramin gwangwani mai ɗauke da farantin roba da ake kira CR-39, wanda ake ajiyewa wata uku sannan a kai ɗakin gwaje-gwaje, da mai batir irin Airthings da ke nuna lamba a fuskarta. Ki ajiye ta a ɗakin da aka fi kwana, sama da daɓe da aƙalla rabin mita, nesa da taga, ƙofa da iskar fanka. Kada ki sa ta a madafa ko banɗaki, laima da zafi na ɓata awo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogara da lambar kwana biyu. Radon na hawa da dare, ta sauka da rana, tana kuma canzawa da yanayi, don haka matsakaicin wata uku shi ne abin dogaro. Awon makwabta ma ba naki ba ne: gidaje biyu na jingine da juna kan ba da sakamako daban. Don neman na'ura, ki tuntuɓi sashen fiziks na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko cibiyar binciken makamashi ta CERT da ke Zariya.

Tambaya: Malam, ni magini ne a Mabera. Me zan yi tun daga tushe? Wanda ya riga ya gina fa?

Amsa: Maigida, aikin na hannunka, kuma ya fi araha kafin a zuba daɓe. Bayan ciko, shimfiɗa tsakuwa mai tsabta kaurin inci 4. Ka binne bututun PVC mai huji-huji a cikinta, ka haɗa shi da wani mai inci 4 da zai miƙe tsaye ya fita saman rufi, nesa da taga, domin radon ta bi ta nan ta fice. Sannan ka rufe da leda mai kauri, maikuron 300 (milimita 0.3), gefuna su hau juna da kamar ƙafa ɗaya, a liƙe da tef. A nan ake yawan yin asara: leburori su huda ledar da rodi ko takalmi, ko a yanka wa bututun ruwa rami a bar shi hangame. Duk huda a liƙe ta kafin kankare ya sauka.

Gidan da aka gama kuwa, a toshe tsagar daɓe, mahaɗar bango da daɓe, da gefen bututu, da silikon. Wannan kaɗai ba ya cika wadatarwa. Idan awo ya haura 300, a fasa daɓe a kusurwa, a kwashe kamar bokiti guda na ƙasa, a sa bututu da ƙaramar fanka mai tsotso. Fankar a waje za ta zauna, domin in ta yi yoyo a ciki, za ta cika ɗakin da radon. Dole ta yi aiki dare da rana, to da halin wutarmu gara a ɗora ta kan sola da batir. Kada a sa fankar da ke zuƙe iskar ɗakin kansa: tana rage matsin iska, sai ƙasa ta ƙara turo radon. Bayan gyara a sake awo.

Tambaya: Ruwan rijiyar burtsatse fa?

Amsa: Yakan ɗauko radon, ta fita yayin wanka da wanki. Rabinta na lalacewa cikin kwana 3.8, don haka ruwan da ya kwana a tanki mai mashigar iska ya fi wanda aka zuƙo yanzu ƙarancin radon. A bar tagar banɗaki a buɗe.