Hukuncin gyara idanu a hoto da kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne. Nakan yi amfani da Photoshop in cire jan da filasha ke sa wa ido, in ƙara wa farin ido haske. To wata yarinya ta ce in ƙara mata girman idanu, in canza launin ƙwayar, za ta tura wa mai neman aurenta da bai taɓa ganinta ba. Abokina ya ce duk wannan canza halittar Allah ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a sana'arka, ɗan'uwa. Saɓanin malamai kan hoton kyamara sananne ne, zan amsa maka bisa ra'ayin masu halattawa.

Cire jan ido ba laifi. Jan nan ba na mutumin ba ne, hasken filasha ne ya daki jijiyoyin jinin da ke can cikin ido ya dawo.

Maganar abokinka kuwa ban yarda da ita ba, duk da na san kishin addini ne ya sa shi faɗa. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i mai maganar canza halittar Allah, da hadisin Ibnu Mas'ud da ya la'anci masu zanen jiki da masu tsige gira da masu kankare haƙora don wushirya, duk a kan jiki suke magana. Idon yarinyar nan yana nan yadda Allah ya halicce shi, ba ka taɓa shi ba. In da sauya launi a hoto canza halitta ne, da hoton baƙi da fari ma ya haramta, tunda babu ɗan Adam mai wannan launi, kuma babu wanda ya ce haka cikin masu halatta hoto. Kai, kwalli fa a ainihin ido ake sa shi, kuma Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da shi.

Amma aikin yarinyar nan kada ka yi shi. Abin da ya sauya hukuncin shi ne inda hoton zai je. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya gaya wa Annabi (SAW) zai auri wata mace daga Ansar, sai ya ce masa ya je ya dube ta, domin akwai wani abu a idanun Ansar. Ka ga ido ɗin nan shi aka ce ya duba. Idan ka ƙera masa wani idon, ka ha'ince shi, kuma kai da ita kun yi tarayya a zunubin. Haka hukuncin yake in an sauya ido a hoton fasfo da na katin ɗan ƙasa.

Ka yi mata nasiha a hankali, kada ka kunyata ta, wataƙila tsoron kada a ƙi ta ne ya kawo ta. Ka tuna mata ranar da zai gan ta ido da ido.

Kai ma ka kula da kanka. Mai wannan aiki yakan buɗe fuskar matar da ba muharramarsa ba ta cika allo, ya daɗe yana kallo. In da hali ka ɗauki mace ta riƙa gyaran hotunan mata, ka riƙa gogewa in an karɓa, kada kuma ka ɗora su a Facebook don tallar shago.

Wallahu a'alam.