Amsa ga Ƙanena Mai Shirin Zuwa Aberdeen Karatu

Assalamu alaikum, ƙanena. Na karanta saƙonka inda ka ce kana so ka zo nan Aberdeen ka yi digiri na biyu a fannin akanta, kuma bincikenka zai duba ko bayyana kuɗin da kamfanonin mai ke kashewa kan muhalli yana rage musu riba. Ka zaɓi garin da ya dace, domin nan ce cibiyar man Tekun Arewa, amma ina so ka gyara tambayar tun kafin ka nemi biza.

A ganina, ɓarnar da ake yi wa muhalli ita ce ke cin riba, rahoto kuwa yana ƙayyade lokacin da masu hannun jari za su gan ta. Bisa ƙa'idar lissafin kuɗi ta ƙasa da ƙasa mai suna IAS 37, kamfanin da ya kafa dandamalin haƙar mai a teku dole ne ya rubuta kuɗin cire shi a matsayin bashin da ke wuyansa tun daga ranar kafawa, sannan a riƙa zaftare shi kaɗan-kaɗan daga ribar kowace shekara. Ranar biya kuwa tana zuwa, domin a 2017 jirgin ruwa ya ɗauke saman dandamalin Brent Delta na Shell, mai nauyin kusan tan 24,000, aka kai shi garin Hartlepool na Ingila aka yanyanka. Malalar da ta biyo bayan fashewar dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon a 2010 ta jefa kamfanin mai na BP cikin asara a shekarar, kuma abin da ya kashe a kanta ya haura dala biliyan 60.

Abin da ke damuna shi ne bayanan da za ka samu daga kamfanonin gida Najeriya. Yawancin kamfanonin mai da ke kasuwar hannun jari ta Legas dillalan fetur ne, ba su haƙa rijiya, kuma na sha ganin ɗalibai suna lissafa gudummawar gina ajujuwa a matsayin kuɗin muhalli. Alhali mutanen Bodo a ƙasar Ogoni sai a 2015 suka samu diyyar fam miliyan 55 daga Shell kan malalar man da ta fara a 2008, bayan sun kai ƙara Landan.

Ka fara da rahotannin shekara na Seplat, kamfanin haƙar mai na Najeriya, wanda ake cinikin hannun jarinsa a Legas da Landan. Ka karanta ƙananan bayanan da ke bayan lissafin, ka kwatanta kuɗin da aka ware don muhalli kafin dokar man fetur ta Najeriya ta 2021 da bayanta, sannan ka turo mini daftarinka mu duba tare. Ka gaida su Baba.