Amsa kan ƙabar Baba, muryar da aka mayar rubutu

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na saurari saƙonki tun ɗazu, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce Baba yana da kumburi a matsematsinsa na dama, in ya miƙe ko ya yi tari ya fito, in ya kwanta ya koma, kuma ya ce shi ba mai sa masa wuƙa, ɗamarar da yake ɗaurawa ta ishe shi. Yadda kika kwatanta, wannan ƙaba ce, amma sai likita ya duba shi a tsaye, ya ɗora hannu a wurin ya sa shi tari, sannan a tabbatar.

Ƙaba ba ƙari ba ce. Kafa ce ta buɗe a bangon ciki, hanji ko kitse yake leƙowa ta nan, kamar aljihun da ɗinkinsa ya saki. Abin da ya sa ta fi kama maza, tun yaro yana cikin uwarsa marainansa ta wannan hanyar suke gangarowa, sai wurin ya zauna da rauni. Cikin maza 100, kusan 27 za su yi ta a rayuwarsu, mata kuwa kamar 3. Tari mai daɗewa, yunƙurin bayan gida ko na fitsari, ɗaukar kaya masu nauyi, duk suna ƙara tura ta.

To ga inda nake so ki riƙe da kyau. A jikin babba wannan kafar ba ta rufewa da kanta. Babu ƙwaya, babu abin sha da zai ɗinke ta. Ɗamara dannewa kawai take yi. Ta cibiyar jarirai ce yawanci kan rufe kafin shekara 4 zuwa 5, ta Baba ba irinta ba ce.

Abin da muke tsoro shi ne ranar da hanjin zai fito ya ƙi komawa. Bakin kafar ya shaƙe shi, jini ya daina isa gare shi, cikin kamar awa 6 ya fara mutuwa. Wallahi na sha gani a ɗakin tiyata. Hanjin da ya kamata ya zama ja-ja yana sheƙi, a buɗe a tarar ya yi baƙi. Mu lulluɓe shi da tsumma mai ɗumi, kowa ya yi tsit, ana jira ko launinsa zai dawo. In bai dawo ba sai a yanke wurin a haɗa. Aikin da da bai kai awa guda ba ya zama na ceton rai, ga mutum tsoho. Saboda haka in kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani, ga amai, ba bayan gida ba fitar iska, kada a danna da ƙarfi, kada a ba shi abinci ko ruwa, kada a jira gari ya waye. Asibiti kai tsaye.

Aikin da aka shirya cikin natsuwa kuwa, sau da yawa ba a ma sa mutum barci, allurar baya ce ko a kashe wurin kawai. A mayar da hanjin, a shimfiɗa wata 'yar raga mai laushi a ɗinke, nama ya tsiro ya kama ta. Tun shekarun 1980 wani likita a Amurka, Lichtenstein, ya yaɗa wannan hanyar, kuma ta rage dawowar ƙaba sosai. Akwai kuma na kyamara, ta 'yan ƙananan huji uku. Da yawa ranar suke komawa gida. Duk shekara ana yin sama da miliyan 20 a duniya.

Ba zan ɓoye miki ba, wasu kan rage da ɗan ciwo a wurin na tsawon lokaci, wani miki ya yi ruwa, 'yan kaɗan ta dawo musu. Amma abin da maza suke jin nauyin tambaya, wato ko aikin yana kashe mazakuta, a'a, ba ya kashewa. Ki sa yayanki ya faɗa masa wannan, daga bakin namiji zai fi saurara.

Ku kai shi cikin makon nan. In yana shan taba ya ajiye tun yanzu, in yana da suga ko hawan jini ko yana shan maganin tsinka jini, ku tafi da magungunan likita ya gani. Bayan aiki ya riƙa ɗan tattaki, amma ban da ɗaukar nauyi sai bayan sati 4 zuwa 6. Allah Ya ba shi lafiya, ki gaishe min da shi.